Fim Ɗin Ramammu

A gidanmu na Moshi Zongo akwai abu biyu da muka taso muka tarar, ba a kuma tambaya a kansu. Na farko wasu gwangwanaye ne na ƙarfe, masu faɗin tire, da Baba ya jera a bayan randa, inda ya fi ko'ina sanyi a ɗakinsa. Na biyu lomar tuwon da Mma take bari a gefen kwanonta. Komai daɗin miya, komai yunwar da ta kwaso daga kasuwa, sai ta ware loma guda ta tura gefe, ta wanke hannu. Mu yara mu yi ta rububinta har da yaƙushi. Ba ta taɓa hana mu ba, ba ta kuma taɓa cewa ga dalili ba.

Gwangwanayen nan fim ne naɗe a cikinsu. Babana mai ba da labari ne a gidan sini, wato silima, a zamanin da ake da irin wannan gida a Tamale: katanga huɗu, benci, sama a buɗe. Aikinsa shi ne ya tsaya a gefen farin bango da lasifika a hannu, yana gaya wa jama'a abin da 'yan fim ke faɗa da Hausa, in ya hango 'yan ƙauye sun yi yawa ya surka da Dagbanci. Kada ka ɗauka yana jin yaren finafinan nan. Ko kalma ɗaya. Abin da idonsa ya gani shi bakinsa ke faɗa, kuma bakin Baba ba ya jiran ido ya gama gani. Na sha jin tsofaffin unguwa suna cewa akwai fim ɗin da suka kalla a Kumasi bai yi musu daɗi ba, sai da suka dawo gida suka ji shi a bakinsa.

Akwai wani fim guda da ya zo daga kudu ya maƙale. Waɗanda suka aiko shi ba su waiwaye shi ba, mai gidan sinin kuma bai tuna musu ba. Duk ranar da lori bai kawo sabo ba, shi ake sakawa, har mutane suka haddace shi. Abin da ya bambanta shi da sauran, mutanen cikinsa duka dogaye ne ramammu. Maza, mata, jarirai, har dawakinsu, ƙafafu kamar sillen kara. Ƙafar keken dokinsu ba ta kewaye daidai ba, farin wata ma in ya fito sai ka gan shi a tsaye kamar ƙwai. Yarensu kuwa ba Turancin da muka sani ba ne, ba Indiyanci ba, babu wanda ya taɓa jin irinsa a garin.

Baba ya dubi mutanen nan ya ga yunwa. Labarin da ya ba jama'a ke nan: fari ya cinye ƙasarsu, sai mutanen gida guda suka ɗaure kayansu a keken doki suka fita neman inda za su ci. In wani ɗan iya yi ya ɗaga murya ya ce, to watan fa, me ya same shi? Baba ya ce, "Shekaran yunwa har wata ma yana rama, kai dai zauna." A fashe da dariya, a koma kuka. Don kuka ake yi sosai. Zongo a lokacin cike take da mutanen da suka gangaro daga arewa sa'ad da ruwa ya ƙi sauka, waɗanda suka san yadda ƙashin wuya ke fitowa. Su suka sa masa suna fim ɗin ramammu.

Wurin da ya fi karya zuciya shi ne bakin rijiya. Ayarin ya tsaya a wani ƙauye, aka sauko da wata 'yar yarinya, aka miƙa ta ga wata mata da ke ɗibar ruwa. Keken ya tafi, yarinyar tana kuka tana miƙa hannu. Daidai nan hoton ke cika da fararen zare-zare suna sauka daga sama zuwa ƙasa, Baba ya ce ruwan sama ne ya zo a makare. Sannan ya sassauta murya, da Hausarsa ta haihuwar Zongo wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Jama'a, kar ku yi kuka. Matan nan mutumin kirki ne. Zai riƙe yarinyan kaman ɗan cikinshi, zai ba shi abinci har ya ƙoshi." Ba a sake nuna yarinyar har fim ya ƙare, saboda haka maganar Baba ita ce ƙarshen labarinta.

Sai da na yi aure Baba ya gaya min sauran, shi ma a tsaitsaye, yana gyara sarƙar kekensa bai dube ni ba. Mma tana cikin waɗanda suka gangaro. Da ƙafa suka taho daga ƙasar Nijar, tana 'yar budurwa, da ƙanwarta goye a bayanta. Yarinyar ta galabaita har ta daina iya riƙe wuyanta. A wani ƙauye da Mma ba ta san sunansa ba, iyayensu suka bar ta a hannun wata mata a bakin rijiya, a kan za a dawo. Ba a koma ba. Iyayen a nan Tamale suka rasu, Mma kuma ta kama sayar da gyaɗa a ƙofar sini. Ta saman katanga ta fara jin muryar Baba yana labarin wata yarinya da wata rijiya, har wata rana ta ajiye tire ta shiga. Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta jira shi. Ko gaisuwa babu. Cewa ta yi, "Matar nan, ka tabbata za ta riƙe ta?" Baba ya dubi fuskarta, ya ce, "Na tabbata." Daga wannan kalma aka soma zance, har aka haife mu. Ranar da na ji labarin nan na gane lomar gefen kwano ta wace ce, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Da bidiyo ya shigo gari, sini ya mutu. Aka mayar da gidan wurin ajiyar taki, za a zubar da gwangwanayen, Baba ya kwaso su a baro ya kawo gida. Ni kuma da na girma na buɗe ɗan shago a unguwar Kanvili, inda nake juye wa mutane tsofaffin kaset na biki da suna zuwa filash. Ni ce dai masaniyar fim ta gidanmu, ga shi ban taɓa ganin fim ɗin ramammu da idona ba. Duk abin da na sani game da shi a bakin Baba da tsofaffi na ji.

Shekarun baya gwangwanayen suka soma wani wari mai tsami, har Mma ta ce suna ɓata mata ruwan randa, ko dai su ko ita a gidan. Na ɗauki hotonsu da rubutun jikinsu, na saka a intanet, a wani zaure na masu sha'awar tsofaffin finafinai, ina tambayar maganin warin. Ba a jima ba wata Baturiya ta aiko min da saƙo. Na ɗauka 'yan damfara ne, na ba ta amsar da ta dace da 'yan damfara. Matar nan ba ta yi fushi ba, ta yi ta bi na da haƙuri, har wata rana ta ce ga ta a Ankara, babban birnin ƙasarmu, gobe za ta hawo jirgi zuwa Tamale.

Doguwa ce mai furfura, rana ta riga ta gasa ta ta yi ja kafin ta iso ƙofar gida. Ta cire takalmi ba a ce mata ba, wannan ya sa Mma ta ba ta kujerar baƙi. Ta sa farar safar hannu, ta buɗe gwangwani, ta jawo zaren fim ɗin ta ɗaga shi saitin taga. Ta daɗe tana dubawa.

Ni ce tafinta. Ta ce a ƙasarsu fim ɗin nan babban fim ne, na iyaye da kakanni. Suna gyara shi ne don masu tara tsofaffin finafinai a gida, za a fitar da shi a faifai cikin akwati mai kyau, da ɗan littafi da hirarraki. Sai dai asalin da ke hannunsu ruwa ya shiga ya lalata wani yanki, sun yi neman duniya ba su samu mai kyau ba. Yankin bakin rijiya ne. Na Baba ya sha jiki, duk ya kakkarce, amma yana nan cikakke.

Baba ya gyara zama. Ya ce da ni, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa na ci, "gaya mishi wurin nan babu wanda ya fi ni saninshi a duniya." Kafin in buɗe baki ya miƙe, ya ɗauki ludayin Mma ya mai da shi lasifika, ya tsaya a tsakar gida ya yi mata bakin rijiya tun daga tsayawar keke har saukar ruwa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Baturiya ba ta jin ko sannu, amma bakinta a buɗe yake har ya gama. Da na ba ta labarin a taƙaice sai ta ce a wurinsu ba haka labarin yake ba, amma tana roƙon a bar ta ta naɗi muryarsa daga farko har ƙarshe, a saka a faifan, wanda ya saya ya zaɓa in yana so ya kalli fim ɗin da bakin mutumin Tamale. Rabin farkon maganar ban fassara ba, don labarin Baba dama bai taɓa zama daidai da na kowa ba. Ita ta ɗauka yunwar nan ƙirƙirarsa ce kawai. Ni na ɗauka ɗan bambanci ne na suna da dangantaka. Babu wadda ta fahimci 'yar'uwarta a cikinmu.

Ta tafi da gwangwanayen bisa alkawarin za ta dawo da su, da gyararren fim. Watannin nan Baba ya hana kowa sakat. Zuma da citta safe da yamma saboda murya. Ya daina shan ruwan firji. Ya sa aka ɗinka masa sabon batakari mai nauyi, wanda in ya juya sai ya buɗe kamar lema. Na ce, "Baba, murya fa kaɗai za a ɗauka, babu mai ganin riga." Ya ce, "Murya ma ya san rigan da mutum ya sa." A majalisarsu ta gindin dogonyaro kuwa, babu wanda bai san Turawa sun aiko neman bakinsa ba, har mai kifin da ke wucewa.

Da Baturiya ta dawo, a shagona muka shirya. Na rataye barguna a bango saboda ƙarar babura, na rufe ƙofa da rana tsaka. Mma ta ce ita ba za ta zo ta zauna cikin zafi ba, sai an gama a kawo mata ta ji. Baturiya ta haɗa kwamfutarta da babbar talabijin ɗina, ta ɗaura wa Baba makirfo a wuyan batakari. Ya yi gyaran murya, ya yi bisimilla, ta danna.

Hoto ya buɗe daga wannan gefe zuwa wancan, dogo a kwance, baƙi a sama baƙi a ƙasa. Kyau kam ba a magana, ni kaina sai da na ce kai. Ciyawa kore shar, sama shuɗiya tas. Sai ga keken doki ya shigo, ƙafafunsa a kewaye daidai. Dawakin ƙosassu, gashinsu na sheƙi. Maigidan da ke riƙe da linzami gajere ne mai tumbi, matarsa kuwa damtsenta ya yi biyun nawa, ni kuma ba siririya ba ce.

Ban taɓa ganin hoto na tafiya bakin Baba na tsaye ba sai ranar. Ya matso kusa da talabijin, ya ja baya. Ya ce, "Wannan ba shi ba ne." Na ce mata ta kai mu bakin rijiya. Ga rijiyar, ga matar da guganta, ga keken ya tsaya. Aka sauko da yarinya mai kumatu, hannuwa duk lanƙwasa-lanƙwasar ƙiba, tana kuka tana buga ƙafa a ƙasa.

"Shi ne," in ji Baba a hankali. "Amma wa ya ba su abinci?"

Da na fassara, Baturiya ta tambaye ni yadda mutanen suke a bangon sini. Na ce ramammu, dogaye, farin wata ma kamar ƙwai. Ta dafe goshi. Ta ce fim ne mai faɗi. Lokacin ɗauka akan matse hoton a cikin zaren, lokacin nunawa kuma sai a ɗaura wani gilashi a bakin inji ya buɗe shi. In babu gilashin, komai a matse yake fitowa. Tana faɗa na gane, don kullum ina ganin irin haka in mutum ya saita talabijin ɗinsa ba daidai ba ya zo yana cewa na ramar masa da amarya. Gidan sinin su Baba ba shi da gilashin, shi ke nan. Mai juya injin, aminin Baba, tabbas ya sani, ya ja bakinsa ya tsuke har ya koma ga Allah. Allah ya jiƙansa, amma da yana raye da ya ji daga gare ni.

"Ruwan fa?" in ji Baba. "Ina ruwan saman?"

Karce ne. Yawan juya wurin ne ya kakkarce zaren. Matar nan ta yi watanni tana goge su hoto bayan hoto, aikin da take alfahari da shi, ga shi yanzu tana faɗa kamar mai ba da haƙuri.

Baba ya ce ta ba shi ainihin labarin. Na yi kamar ban ji ba. Ya ce, "Uwata, faɗa min abin da ya ce, kar ki rage." Na faɗa. Attajirai ne za su bikin aure. Matar bakin rijiya gwaggon yarinyar ce, an kawo ta hutu ne. Kukan kuwa na shagwaɓa ne, tana son a tafi da ita biki.

Ya cire makirfon da kansa, ya ajiye a kan tebur a hankali. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Kar Mmanki ya ji." Ya fita cikin rana da sabon batakarinsa, ko yalo-yalo bai tsayar ba, keken nan mai ƙafa uku, da ƙafa ya kama hanyar Zongo.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Ya daina zuwa gindin dogonyaro. Daga masallaci sai ɗaki. Ni kuma haushi ya cika ni, na rasa wanda zan sauke wa: Baturiyar da ba ta yi komai ba sai aikinta, ko mamacin da ba ya ji, ko gilashin da ban taɓa gani ba. Na same shi a ɗaki na ce, "Baba, fim ne fa. Wanne ne a cikinsu ba ka ƙara masa gishiri ba?"

Ya ce, "Gishiri daban. Wannan mutane sun yi kuka paa, kuka na gaske. Sun ga iyayensu a bangon nan, ashe masu kuɗi ne za su cin shinkafa." Ya ƙara da cewa, "Mmanki ya tambaye ni, na ce na tabbata. A kan maganan nan ya aure ni. Shi ne abu ɗaya da yake riƙe da shi game da ƙanwanshi. Yanzu in ce mishi gilashi ne?"

Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya kama ni saboda Mma, don ni ma ban san abin da zai saura a hannunta ba in ta ga yarinyar nan tana buga ƙafa saboda biki.

Baturiya ta biyo mu gida da wata dabara. Ta ce dannawa ɗaya ce, za ta iya sake matse hoton ya koma yadda ya san shi, ya yi labarinsa a kai, karcen ma tana da shi a ajiye. Na ji daɗin wannan shawara, na fassara ta da ƙarin zuma. Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Gaya mishi na gode. Amma na riga na ga tumbin mutumin nan. Ko an matse shi, na san yana ciki." Ta ce jirginta ya kusa, amma za ta jira iya abin da za ta iya. Ta bar kayan naɗin a shagona.

Mma ba a ɓoye mata abu a gidanta. Washegari na zo gaishe ta, tana tsince wake, ba ta ɗago ba ta ce, "Ke, me kuka yi wa mijina?" Na fara kame-kame. Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da tun ina yarinya yake sa ni faɗin gaskiya. Na faɗa mata an gyara fim ɗin, ya fito ba yadda Baba ya san shi ba, mutanen ba ramammu ba ne. Ta ajiye tiren wake, ta shiga ɗaki ta yafo mayafi, ta ce, "Tsayar min da yalo-yalo."

Baba ya fito yana cewa, "Ina za ki? Zafi ne a wurin, babu komi kuraa, sam." Ta ce, "Malam, in za ka zo ka zo." Ya shigo yalo-yalon ya zauna a gefenta, muka kama hanyar Kanvili.

Na kira Baturiya ta zo. Mma ta zauna a kujerar da Baba ya zauna, ta ce ba ta son farko, a kai ta rijiya. Baba ya tsaya a bayanta jikin bargo, kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Keke ya tsaya. Aka sauko da yarinyar.

Mma ta matso da fuskarta. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Kai. Ji kumatu."



"Ji hannuwa, jama'a. Tsayar min da ita a nan." Baturiya ta gane ba sai na fassara ba, ta tsayar. Mma ta kai yatsa ta taɓa gilashin talabijin daidai kuncin yarinyar. Ta ce, "Malam, ka ce matar za ta riƙe ta. To ga shi ta riƙe ta."

Baba ya ce da muryar da ban san shi da ita ba, "Ba haka ba ne. Gilashi ne babu a injin. Dama can a ƙoshe yake. Ni ne ban sani ba, na ce miki na tabbata."

Mma ba ta juyo ba. Ta ce, "Na san fim ne, Malam, ni ba yarinya ba ce. Tun ranar farko na san ba ita ba ce. Ka ce ka tabbata, ni kuma a ranar ina neman wanda zai ce min haka, ko waye. Amma shekara da shekaru in na rufe ido da ƙashin wuya a waje nake ganinta, a bangon sini haka, a bayana haka. Ban taɓa iya ganinta da nama a jiki ba. Yau an nuna min. Ka bar ni in kalla."

Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta share ba, ba ta kuma daina murmushi ba. Ni kam na juya ina gyara bargon da bai faɗi ba. Baturiya ta tambaye ni da ido, na ce mata daga baya. Mma ta sa aka mayar da wurin baya, aka sake, aka sake, har na daina lura. A ƙarshe ta ce, "To shiru za a kalla? Ina mai labarin?"

Baba ya baro jikin bargon. Sannan ya miƙa hannu, Baturiya ta ɗaura masa makirfo a wuyan tsohuwar rigarsa ta zaman gida, don batakarin na can a rataye. Ya ce a mayar farko. Keken doki ya shigo cikin koriyar ciyawa, ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, kun san mutanen nan. Kun san su lokacin da suka sha wuya. To an yi ruwa, ruwa ya ɗauke, kowa ya ci ya ƙoshi. Yau biki za su." Daga nan bakin ya kama, sai da Baturiya ta roƙe shi ya tsaya ya sha ruwa. Da aka zo rijiya ya ce yarinyar ta saba da matar ne har ta zama 'yar gida, kukan kuwa na shagwaɓa ne, wanda sai yaron da ya ƙoshi ke yin irinsa. Mma ta ce, "Haka ne." Wannan "haka ne" ɗin yana cikin faifan, Baturiya ta ƙi gogewa.

Gwangwanayen ba su dawo bayan randa ba. Baba ya ce a bar su can inda ake da ɗakin sanyi, Mma ta ce alhamdu lillahi, ruwanta ya huta. Akwatin kuwa ya iso bayan wasu watanni, mai nauyi, da hoton keken doki a jiki. Na kai musu gida da magariba, na haɗa a talabijin ɗin falo, na zaɓi muryar Baba. Shi yana zaune yana gyara wa kansa kuskure, wai nan ya yi sauri, nan ya kamata ya ja. Mma ta shigo da kwanon tuwonta da miyar ayoyo, ta ce in kai ta rijiya.

Ta zauna tana ci tana kallo. Da ta gama ta wanke hannu, ta turo min kwanon in kai madafi. Na ɗauka, na duba gefen da na saba dubawa tun ina yarinya. Ta cinye duka.